Kwana biyu a Yamai da yara: ko muze ya cancanci a shiga?

"Malam, sallama. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, yadi nake sayarwa. Wata mai zuwa za mu je Yamai bikin ƙanwar mai ɗakina, kuma bayan an watse muna da kwana biyu kafin mu juyo. Yarana biyu, namijin yana aji shida na firamare, macen ta shiga kwaleji, sun hana ni sakat sai na kai su muze. Na sha zuwa Yamai saro kaya amma ban taɓa leƙa wurin ba. Abokaina sun ce asarar kuɗi ce, ba komai ciki sai kuraye da tsofaffin ƙasusuwa, wurin Anasaru ne da ƴan lakwal. Da gaske akwai abin gani? In akwai, ta ina zan fara, kuma ban da muze ina za mu je?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

In na fahimce ka, kana so ka san ko muze, wato gidan tarihi na ƙasar Nijar, ya kai a biya masa kuɗin taksi a sha rana, sannan yadda za ka raba kwana biyun kada su tafi a banza. Ni malamin tarihi ne, a kwaleji nake koyarwa a nan garin, kuma na sha jan ɗalibai zuwa Yamai lokacin hutu. Daga wannan zan ba ka amsa.

Abokanka ba ƙarya suka shirga ba. Kuraye suna nan, ƙasusuwa ma suna nan. Sai dai na san irin shigar da suka yi, don na ga masu yin ta ba adadi: mutum ya gama sayayya da rana tsaka, kar ɗinsa, wato motar safa, sai dare, ya ce bari in kashe lokaci. Ya shiga a gajiye, ya kewaya kejin dabbobi, ya leƙa ɗaki ɗaya ya ga rubutu da Faransanci, ya fito yana tsaki. Wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ta ƙofar ƴan kifi ya juya nan take, shi ma zai rantse maka ba a sayar da komai cikinta sai ƙarni.

Yadda aka yi wurin ya zama haka

An buɗe gidan a 1959, shekara guda kafin ƙasar nan ta samu ƴancin kai a 1960. Bubu Hama, wanda ya daɗe yana shugabantar majalisar dokoki kuma ya rasu a 1982, shi ne ya tsaya wa aikin, shi ya sa yau gidan ke ɗauke da sunansa. Wani Bature masanin tonon kayan tarihi, Pablo Tuse, shi ne darektan farko. Matsalar da ke gabansu a lokacin ita ce ƙasa sabuwa ce, kuma mutanenta ba su san juna ba. Mutumin Tera bai taɓa ganin yadda Babarbare ke naɗa rawani ba, Bagobiri bai san cikin tantin Ba'abzine ba. Sai suka ƙi gina katafaren gini guda mai ƙofa ɗaya irin na Turai, wanda talaka zai ji nauyin shiga. Suka ɗauki fili mai faɗi, wajen hekta 24, a tsakiyar gari kusa da kogin Kwara, suka warwatsa ƙananan ɗakuna a ciki masu fenti fari da shuɗi, da zanko irin na ginin Hausa. Suka kafa samfurin gidajen ƙabilu, suka zaunar da masu sana'a, suka kawo namun daji. Dabbobin nan da abokanka suka raina, da gangan aka sa su: su ne ke jawo wanda bai yi boko ba ya shigo, in ya shigo kuwa sai ƙafa ta kai shi sauran ɗakunan.

Saboda haka zancen wurin Anasaru ne bai taso ba. Ka je ranar Salla ka gani, ba masaka tsinke, kuma duk ƴaƴan gida ne. Amma kai da kake so ku ga abu a natse, irin wannan ranar ce za ka guje wa.

Kuskuren da na fara yi

Tafiyata ta farko da ɗalibai, a watan Afrilu muka je, ka san yadda Yamai take a bazara. Na bar su suka yi barcin gajiyar hanya, don kilomita wajen 660 ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso ba wasa ba ce. Ba mu isa ƙofa ba sai hantsi ya dubi ludayi. Suka ruga wajen zakuna da dorina, na ce a bar su su huce. Kafin in tattaro su an fara rufe ɗakuna don hutun rana. Muka zauna a inuwa muna shan ruwan leda har la'asar, lokacin da aka sake buɗewa kuwa rabinsu ba wanda ke iya ɗaga ido. Laifina ne, ba na kowa ba. Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida: ana buɗe ƙofa muna ciki, ɗakuna tukuna, dabbobi daga ƙarshe. Yaro in ya ga biri, ba ka da sauran magana da shi.

Abu na biyu da na koya shi ne kada a ce sai an ga komai. Wanda ya ce zai shiga kowane ɗaki ya karanta kowane allo, zai fito da ciwon ƙafa da kai fanko. Ku zaɓi wurare uku ko huɗu ku daɗe a kansu, saura ku ratsa kawai.

Inda zan tsayar da ku

Ku fara da itacen Tenere. Kallon farko za ka ce mene ne wannan, busasshen gungume ne a cikin rumfa. Labarinsa ne abin zuwa. Kandili ne, ita kaɗai a tsaye cikin hamadar Tenere, ba wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri Bilma da ita suke gane hanya, kuma duk tsananin buƙatar itacen wuta ba mai karya mata reshe, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyenta. Da aka haƙa rijiya a gefenta sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Ka duba fa, fili iya ganinka, ba gida ba dutse, bishiya ɗaya tak, ita ya samu. Aka kwaso gawarta aka kawo Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ni a nan nake tambayar ɗalibai: bishiya ba ta tsira ita kaɗai a tsakiyar rairayi, to ina ƴan'uwanta suka tafi? Kada ka ba yaranka amsa. Ka bar su da tambayar, ku wuce wajen ƙasusuwa, can za su tsince ta da kansu.

Ƙasusuwan nan na dinozor ne, manyan dabbobin da suka rayu suka ƙare tun kafin a san ɗan Adam a bayan ƙasa. Mafi shahara a cikinsu an tono shi ne a Gadufawa, cikin hamada kudu maso gabas da Agadas, inda wani masani Bafaranshe, Filip Take, ya yi aiki daga 1965. Sunansa Uranosorus. Yara kan ɗauka daga yuraniyom aka samo sunan, alhali daga sunan da Abzinawa ke kiran guzan hamada ne. Tsawonsa ya kai mita 7, ciyawa yake ci, kuma yana da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Masana sun ƙiyasta shekarunsa sun haura miliyan 100. Kusa da shi akwai kada, shi ma daga Gadufawa, wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. A nan nake so ka tsaya ka ce wa ɗanka: kada a ina yake zama? Zai ce a ruwa. To wannan a tsakiyar Tenere aka same shi. Ke nan inda yau ba ɗigon ruwa, da can koguna ne da fadama. In kuka leƙa ɗakin zanen duwatsu za ku ga hoton raƙuman dawa da shanu da mutanen da suka sassaƙa a duwatsun Abzin, wato ko a zamanin mutane, shekaru dubbai kaɗan da suka wuce, wurin kore ne. Kandilin nan ita ce ƴar autar wancan dajin. Ɗakuna uku ne daban-daban, amma zance ɗaya suke yi, kuma zance ne da ya shafi duk wanda ke noma a Dakoro ko Mayahi yana kallon rairayi na matsowa. Sai dai kada a cakuɗa lokutan, tsakanin kadan da masu zanen akwai miliyoyin shekaru. Ni malamin tarihin mutane ne, ilimin ƙasusuwa ba fagena ba ne, abin da na faɗa maka iyakar abin da masu fagen suka tabbatar ne na tsaya a kai.

Wuri na uku kuwa naka ne, ɗan'uwa, ɗakin tufafi. A nan kai ne malami, ni ɗalibi. Mai sayar da yadi yana ganin abin da mai yawon buɗe ido ba ya gani. Ka dubi faɗin ƙwaryar saƙi, ka ƙirga ƙwarya nawa aka haɗa kafin riga ɗaya ta fito, ka nuna wa ƴarka bambancin ɗinkin hannu da na keke, ka nuna mata aska a ƙirjin babbar riga. Ka dubi baƙin rawanin Abzinawa mai ƙyalli, ka gaya musu turkuɗi ne, kuma mafi kyawunsa daga Kura ta ƙasar Kano fatake ke ɗauko shi, su ratso ƙasarmu su kai arewa. Akwai bargon Zabarmawa da ake kira tera-tera, na kayan aure, mai yiwuwa ma ku ga irinsa a ɗakin amaryarku kwana biyu kafin nan. Na taɓa zuwa da wani uban ɗalibi, madinki ne, ya yi shiru tun daga ƙofa yana jin shi ba ɗan boko ba ne. Da muka shiga ɗakin nan sai bakinsa ya buɗe, har ma'aikacin wurin ya matso yana saurare. Yaransa ba su manta da wannan ranar ba. Naka ma suna bukatar su ga ubansu ya san abin da aka ga ya isa a adana cikin gilashi.

Idan kuka ci karo da kawuna da tukwanen yumɓu na Bura, ku ɗan dakata. An gano su a 1975 a wajen Tera, kuma masanin ƙasar nan Bube Gado ya jagoranci tonon wurin a 1983. Maƙabarta ce ta mutanen da suka rayu a kwarin Kwara fiye da shekara dubu da suka wuce, sun iya doki, sun iya ƙira. Bayan da duniya ta san da su, ɓarayin kayan tarihi suka far wa yankin, aka yi ta haƙewa ana sayarwa waje, har sai da aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka yi wa duniya kashedin saye. Wannan ya isa ya nuna maka amfanin gidan: abin da bai shigo nan ba, yawanci ya tsallake teku. Na san wani zai ce ai gumaka ne. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, in zuciyarka ta yi nauyi ka tambayi malaminka kafin ka tafi. Abin da na sani shi ne ba wanda ke zuwa wurin don bauta, shaida ce ta waɗanda suka riga mu.

Ɗakin yuraniyom ku ratsa shi, minti goma ya isa. Ƴarka ta ji a lakwal cewa an fara haƙa a Arlit a 1971, to ga dutsen ta gan shi da idonta.

Daga nan sai wajen masu sana'a, kuma kada ka ɗauke shi kasuwa kawai. Maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, masassaƙa, a gabanka suke aiki. Ku yi sallama, ku zauna, ku bar yaran su ga yadda ake narka kakin zuma a zuba ƙarfe a gurbinsa kafin kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na azurfa, ya fito. Galibinsu suna jin Hausa, kuma in ka girmama sana'ar mutum zai ba ka labarin da ba ya kan kowane allo. Ciniki kuwa ba sai na koya wa ɗan kasuwar Maraɗi ba. Abu ɗaya, in kun cinye wa mutum rabin awa kuna tambaya, ku sayi ko ɗan zobe ne.

Sai dabbobi. Gaskiya ni ba na daɗewa a wurin, wasu kejin sun yi wa abin da ke ciki kaɗan, kuma zaki a kwance cikin zafi ba abin sha'awa ba ne. Amma yara za su so, hakkinsu ne. Ka riƙe hannun ƙaramin, kada ya miƙa wa biri ko kura komai.

Game da ɗan rakiya: za ka samu masu tayin zagayawa da ku. In za ka ɗauka, ka nemi ma'aikacin gidan, ku yi tsada tun a ƙofa, ka kuma ce masa da Hausa kuke so. Na taɓa jin wani ɗan bumburutu yana gaya wa baƙi wai ƙasusuwan nan na raƙumin Annabi Salihu ne. Allunan da Faransanci suke, to ga aikin ƴarka ta kwaleji: ita ta karanta, ta fassara muku. Za ka ga yadda za ta miƙe wuya.

Rana ta biyu

Nan akwai abin da mutane ke ruɗewa a kai. Gidan tarihi kaya yake ajiyewa, ko yaushe ka je suna nan. Gidan al'adu kuwa taro yake ajiyewa, in ba a yin komai ranar, kujeru da dandali kawai za ka tarar. Don haka ba a zuwa gidan al'adu da ka, sai an tambayi me ake yi, kuma yawanci da yamma ne ko da dare.

Babba a cikinsu shi ne gidan al'adu na Umaru Ganda, wanda ƴan Yamai ke kira CCOG. Umaru Ganda ɗan fim ne, shi ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1972, ya rasu a 1981. Akwai dandalin wasa a fili da ɗakin karatu. Ba shi da nisa da Babban Masallaci da kuma ƙauyen masu sana'a na Wadata, don haka fita ɗaya za ta haɗa muku ukun: Wadata da hantsi, salla a masallaci, in akwai wasa ku tsaya. Daura da muze kuma akwai gidan al'adu na Faransa da Nijar da aka daɗe ana kira CCFN, wanda a 2024 aka sauya masa suna zuwa na Mustafa Alasan, shi ma gwanin fim ne na ƙasar nan.

In da ni ne ke da safiya guda a hannu, cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya zan kai su. Suna da tarin kayan kiɗan gargajiya na sassan ƙasar, su gurumi, goge, kalangu, algaita, har da biram na masuntan tafkin Chadi, wanda ya kusa ɓacewa kafin marigayi Malam Maman Barka ya je ya koyo shi. Yaron da ya saba jin kiɗa daga waya kawai, ya ga ƙwarya da fata da tsirkiya ne ke fitar da sautin, abin yana zauna masa.

Akwai wurare biyu da zan ambata don ka san da su, ba don ku je da yara ba. Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da yawansu Bubu Hama ne ya tattaro. CELHTO kuma, wadda aka kafa a 1968 kuma take ƙarƙashin Tarayyar Afirka, aikinta adana tarihin baka. Wuraren aiki ne na masu bincike, sai da dalili da izini ake shiga.

Kashedi ɗaya da ba na wasa da shi: muze yana tsakiyar unguwar ma'aikatun gwamnati, ga gadar Kenedi kusa. A cikin gidan ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, wani ɗakin ana biya, wani an hana. A waje kuwa kada yaro ya ɗaga waya ya nufi gada, ko soja, ko ginin gwamnati. Ku riƙe katin shaidarku a jiki.

Kafin ku hau kar

Abin da ya fi taimaka wa ɗalibaina ba a Yamai yake ba, a nan gida yake. Yaron da bai taɓa kallon garinsu da idon tambaya ba, ba zai iya kallon na wasu ba. Kafin tafiyar, ka ɗauke su wata Juma'a ku je ƙofar fada su ga dogarai da masu kakaki, ka tambaye su don me ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina alhali muna Maraɗi. Daga nan labarin zai fito, yadda sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har Ɗan Kasawa ya kafa zama a nan, da yadda Gobirawa suka kafa Tibiri a maƙwabtaka. In akwai tsohuwa a danginku da ta ji labarin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu, su zauna gabanta. Ku wuce ta filin kokowa ka gaya musu wane ne Kantu, da ya ɗauko takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975. Yaron da ya yi wannan, in ya ga lifidi da kwalkwali cikin gilashi a Yamai, zai ce irin na hawan Salla ne, ba sai an yi masa bayani ba.

Kuɗin shiga da lokutan buɗewa suna sauyawa, wani lokaci kuma a rufe ɗaki don gyara, don haka ban ba ka adadi ba. Tunda surukanka suna can, ka sa wani yaro ya leƙa ƙofar ana jibi za ku je, ya tambayo ranar hutunsu, da ƙarfe nawa ake rufe ɗakuna da rana, ya kuma dubo allon sanarwa na CCOG. Ku tafi da ruwa, da canji ƙanana, da littafi da biro ɗaya ga kowane yaro. Mai ɗakinka ma kada a bar ta gida wajen wanke-wanken biki, ɗakin tufafin nan da ita za ku fi jin daɗinsa.